Wilin da Ya Shiga Amma Bai Zauna Ba

Ƙanwata ce ta fara jin ƙaurin. Mun wuce Birnin Yero ke nan a kan hanyarmu ta zuwa Zariya, ita da ƙawarta suna kujerar baya, akwatunansu da kayan abincin zangon karatu sun cika but har da ƙyar ya rufu. Ta ce, "Yaya, kamar roba ce ke ƙonewa."

Ni kuwa tun daga Kawo nake jin wani ɗan sauti daga baya duk lokacin da motar ta faɗa kwari, irin na wuƙar dukawa a kan fata. Na ƙi kula shi. Mako uku ke nan da na saka wa motar wili huɗu masu ƙyalli, na zuba kusan rabin albashina a kansu, kuma ban shirya jin wani ya aibata su ba, ko da kuwa motar ce da kanta.

Na gangara gefen titi na fito. A kafaɗar tayar baya ta dama akwai tsaga da ta zagaye ta kaf, kamar an zana da reza. Baƙin garin roba ya manne a leɓen madigadi, kuma a wuri guda ana hango zaren cikin tayar. Ta hagu ma ta fara nata zanen, sai dai bai yi zurfi ba. Na saka safaya, na dawo da ƙawar kujerar gaba don a rage wa baya nauyi, muka lallaɓa zuwa Samaru a guje ɗin da bai wuce kilomita 60 ba. Ban ce musu komai ba. Amma na san abin da fashewar tayar baya take yi wa motar da ke tura kanta da tayoyin baya, tana gudun kilomita 110, da 'ya'yan mutane biyu a ciki.

Wannan rubutu bayanin abin da na koya ne daga wannan rana. Duk wanda ke da tsohuwar mota, musamman irin ta gudu wadda aka ƙera jikinta matse da tayoyinta, wata rana zai tsaya gaban tulin wilin gwanjo wani ya ce masa, "Wannan zai shiga." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai shiga ita ce tambaya ta farko, kuma mafi sauƙi a cikin tambayoyin da ya kamata a yi.

Motar da abin da ya kai ni kasuwa

BMW ce ƙirar 328i mai ƙofa biyu, daga zubin da ake kira E36, wanda kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1990 zuwa 2000. Tawa ta 1996 ce, injinta silinda shida a jere, lita 2.8. Kawuna ne ya sayo ta daga Kwatano ina sakandare. Na wanke ta ba adadi kafin a yarda in taɓa sitiyarinta. Da gwiwoyinsa suka daina jituwa da mota mai zama ƙasa-ƙasa, sai ya miƙa mini makullin, da sharaɗi guda: kada in bari a lalata ta.

Wilinta na asali masu inci 15 ne, na alminiyam, irin wanda 'yan kasuwa ke kira aloyi. Ramukan titi sun lanƙwasa biyu daga ciki, ɗaya kuma yana sace iska, sai na bi ta wurin mai faci duk bayan kwana uku. Sayo sabo daga Jamus ba zancen da aljihun ɗan jarida zai saurara ba ne. Don haka na yi abin da kowa ke yi. A Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo ta Abuja, da Ladipo ta Legas, kayan motocin da suka gama rayuwarsu a Turai da Amurka suna jibge, kuma da su ne mafi yawan motocin ƙasar nan ke tafiya.

A wani shago na ga wili huɗu masu inci 17, da tambarin BMW a tsakiya, da tayoyinsu a jiki. Na tambayi mai shagon ko za su yi wa tawa. Ya ce, "Yallaɓai, BMW ai BMW ce. Rami biyar ne, ƙirga da kanka. In ba su shiga ba kada ka ba ni ko sisi." Yaransa suka ɗaga motar da jak, suka gwada. Noti biyar suka shige sumul. Da aka sauke ta na ja da baya na dube ta, ta buɗe ƙafafu kamar ɗan dambe a fage. Ban ko yi dogon ciniki ba.

Mutumin bai yi mini ƙarya ba. Abin da ya yi alkawari ya cika. Ni ne ban san sauran tambayoyin ba.

Alamar farko ta zo a kwana na biyu. Da zarar na kusa kilomita 100, sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannuna. Sau biyu na kai a yi balansin, sau biyu na'ura ta nuna komai daidai, sau biyu na koma titi na tarar da kakkarwar tana jirana. Idan na karya sitiyari har ƙarshe wajen fita daga gida, ina jin tayar gaba tana gogar wani abu. Duk na ajiye su a matsayin halin tsohuwar mota.

Rubutun da ke bayan wili

Washegarin tafiyar Zariya na kai motar garejin wani dattijon bakanike da kawuna ya daɗe yana hulɗa da shi. A kan Peugeot ya koyi aiki, daga baya ya koma motocin Jamus. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka kwance wili ɗaya, ya kifa shi, ya jiƙa tsumma da fetur ya goge bayansa. Sai ga rubutu a jikin ƙarfen: 8Jx17, can gefe kuma IS20. Ya sa aka ɗauko safayar da na saka jiya, wadda wilinta na asali ne, ya goge: 7Jx15, IS47.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da abincinka karatu da rubutu ne, ka sayi abu da rubutu a bayansa ba ka karanta ba?"

Na ce, "Baba, ai ramukan sun yi daidai."

Ya ce, "Kama da wane ba wane ba ce. Wannan na babbar yayarta ne."

Yana nufin BMW jerin 5, zubin E39, wadda aka fara ƙerawa a 1995. Gida ɗaya suka fito da tawa, zamani ɗaya, amma ta fi ta faɗi da nauyi, kuma an tsara ƙafafunta daban. Abin da ya biyo baya shi ne abin da Baba ya nuna mini a ranar da rula da yatsa, haɗe da lissafin da na zauna na yi daga baya.

Da'irar ramuka

Ƙirga ramuka rabin awo ne. Idan ka zana da'ira da ta ratsa tsakiyar kowane rami, faɗin wannan da'ira shi ne sauran rabin. Na BMW na wancan zamani rami biyar ne a kan da'irar milimita 120, ana rubuta shi 5x120. Mercedes tana amfani da 5x112. Yawancin Toyota da Honda da Nissan masu rami biyar suna kan 5x114.3. Iyayenmu da suka yi zamanin Peugeot 504 da 505, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a nan Kaduna, sun huta da wannan lissafi, domin duka biyun rami huɗu ne a kan milimita 140, wilin wannan ya hau wancan.

Haɗarin yana inda lambobin suka kusanci juna. Tsakanin 112 da 114.3 akwai milimita 2.3 kawai, wato kowane rami ya kauce da ɗan abin da ya haura milimita ɗaya. Ido ba zai gani ba, kuma da ƙarfin sifana noti zai shiga. Amma zai shiga a karkace, ya dafe gefe guda na raminsa, kowane juyin taya yana tanƙwara shi kaɗan har ranar da zai kwance ko ya karye. Akwai masu ɗaukar magagari su fafe ramin don ya karɓa. Wanda ya ga an yi wa wilinsa haka ya san an cire masa wurin da noti zai zauna.

A wannan tambaya na ci jarrabawa, ko da yake da sa'a. E36 da E39 duka 5x120 ne. Shi ya sa noti biyar ɗin suka shige ba gardama.

Ramin tsakiya

A tsakiyar kowane wili akwai babban rami, a jikin hob ɗin mota kuma akwai ɗan leɓe da ke shiga cikinsa. Ɗaurin noti ne ke manne wili da hob har ya iya ɗaukar nauyin mota, amma wannan leɓen ne ke tabbatar da cewa wilin ya zauna a tsakiya cif kafin a ɗaure. Na motata milimita 72.6 ne, kamar yawancin BMW na lokacin. E39 ta fita daban, nata 74.1 ne.

Bambancin milimita ɗaya da rabi ke nan. Wilin na iya zama a kauce da kashi uku cikin huɗu na milimita, kusan kaurin katin banki guda. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A gudun kilomita 100 taya irin tawa tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa, kuma a kowane juyi wannan ɗan kaucewa yana jefa nauyin wili da taya sama da ƙasa. Ita ce kakkarwar da nake ji a hannuna.

Nan ne kuma na gane abin da ya sa balansin ya kasa. Na'urar tana riƙe wili da nata mazugin, wanda ke cusa kansa cikin ramin tsakiya ya daidaita shi ko yaya girman ramin yake. A kan na'ura wilin yana tsakiya, don haka lafiyarsa lau. A kan motata ne ba shi da abin da zai tsayar da shi a tsakiya. Mai balansin ya yi aikinsa daidai, ciwon ne ba a inda yake dubawa yake ba.

Da a ce akasin haka na yi, na ɗauki wilin E36 zan saka wa E39, da ramin ya yi ƙanƙanta, ya ƙi hawa tun a shago, kowa ya kama gabansa. Kuskuren da ke hana abu shiga mai sauƙi ne, domin yana tona kansa nan take. Wanda ya bar shi ya shiga da sarari shi ne ke biyo mutum har kan babbar hanya.

Wannan matsala tana da magani mai araha: siririn zobe na alminiyam ko roba mai tauri, bayansa 74.1, cikinsa 72.6, ya cike gibin. Da ita kaɗai ce, da na saka zobe na ci gaba da harkata.

Lambar da ta yanka taya

Sauran bayanin yana cikin IS20 da IS47. Yawancin masu ƙera wili suna rubuta ET a madadin IS, daga wata kalmar Jamusanci, kuma abu ɗaya suke nufi. Ni ina kiran shi zurfin zama. Ka ɗauki wili kamar ganga da aka kwantar, ka raba faɗinta biyu daidai da layi. Fuskar da ke manne da hob ba a kan wannan layi take ba, ta matsa waje da wasu milimitoci. Adadinsu shi ne ET. In lambar ta yi girma, wilin ya nutse cikin jikin mota. In ta yi ƙanƙanta, ya turo waje.

Ga lissafin. Wilina na asali faɗinsa inci 7 ne, wato kusan milimita 178, rabinsa 89. Cire 47, saura 42: nisan da bakin wili na waje ya yi daga hob ke nan. Wanda na saya inci 8 ne, kusan milimita 203, rabinsa kusan 102. Cire 20, saura kusan 82. Bakin wilin ya turo waje da milimita 40, faɗin yatsu biyu. Buɗe ƙafafun da ya burge ni a shago shi ne wannan.

A mota mai tsayi da sararin madigadi, mai yiwuwa a sha. A motar gudu babu wannan sarari. An tsara ta ne yadda in ta faɗa rami ko aka ɗora mata kaya, tayar za ta shige sama cikin madigadi ta wuce leɓensa ta ciki. Da tayar ta turo waje, sai ta koma daidai ƙarƙashin leɓen. Ina ni kaɗai a cikin gari, ba ta cika kaiwa gare shi ba. Da mutum biyu suka zauna a baya, but ya cika, sai bayan motar ya sauka, kowane kwari ya riƙa danna roba a kan ƙarfe mai kaifi.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Tsakiyar tayar ta matsa waje da milimita 27, bambancin 47 da 20. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin riƙe shi a jikin cinya da riƙe shi hannu a miƙe. Nauyin bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta san an canja mata aiki. Haka boris ɗin hob yake ji. A gaba kuma, wurin da taya ke taka ƙasa ya yi nisa da layin da take juyawa a kai in an karya sitiyari, don haka kowane rami da kowane taka birki a kan titi mara daidai yana samun ƙarin ƙarfin fizgar sitiyari daga hannun direba.

Wannan ba ta da zobe. Ana iya ƙara faifai tsakanin hob da wili a turo shi waje, amma babu abin da za a ƙara ya mayar da shi ciki. Baba ya gaya mini abin da masu wasan mota ke yi: a kai wa mai gyaran jiki ya lanƙwashe leɓen madigadi, a saka taya mai ƙarancin faɗi, a karkatar da kan tayoyin ciki. Ana yi, kuma wanda ya san abin da yake saya da abin da yake sayarwa yana da ikon yi da motarsa. Ni dai da nake ɗaukar iyali, kuma aka ba ni motar da sharaɗi, ban ga dalilin da zai sa a daki jikinta da guduma don ta karɓi kuskurena ba.

Noti, birki da taya

Kafin mu rufe, Baba ya nuna mini sauran wuraren da mutane ke faɗawa, ko da yake ni na tsallake su.

Noti ba ɗaya ba ne. Na BMW dogo ne, yana ratsa wili ya ɗauru a cikin hob, kaurinsa milimita 12 a motata, wuyansa mazugi ne. Na Mercedes wuyansa zagaye ne kamar rabin ƙwallo, haka ma na Honda. Na wilin aloyi na Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai wasa. Ramin kowane wili an sassaƙa shi ne daidai da wuyan notin gidansu. In aka haɗa mazugi da zagaye, sai su taɓa juna a kan siririn layi kawai, ɗaurin ya yi kamar ya kama, bayan 'yan kwanaki ya saki. Tsawo ma abin dubawa ne. Ƙa'idar makanikai ita ce noti ya shiga hob gwargwadon kaurinsa, wato kusan juyi takwas ga irin nawa. In wili ya fi kauri, notin ya gaza. In notin ya yi tsawo, a tayar baya zai iya taɓo kayan birkin hannu da ke ɓoye a cikin faifan birki. Ƙarfin ɗaurin kuma yana da awo, a kewayen 100 zuwa 120 a ma'aunin Nm, ana ɗaurewa ana tsallake rami ɗaya kamar zanen tauraro, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Tsalle a kan sifana da ƙafa, yadda aka saba a bakin titi, yana miƙar da noti har ya raunana.

Sai birki. Dole cikin wili ya bar wa abin da ke cizon faifan birki sarari, ta sama da ta gefe. Wannan ya fi shafar mai son komawa ƙaramin wili. Gwajinsa sauƙi ne: a saka, a juya da hannu tun motar tana kan jak, a leƙa a saurara.

Sai taya. A 205/60 R15, wadda ita ce ta asali a motata, 205 faɗi ne da milimita, 60 kuma tsayin gefen taya ne, kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 123. Tsayin tayar gaba ɗaya 627 ne. Wadda ta zo da wilin da na saya 235/45 R17 ce, gefenta 106, tsayinta 643. Ta fi faɗi da milimita 30, ta fi tsayi da 16, duk suna ƙara matsar da ita ga madigadi, agogon gudu kuma yana rage mini kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari na ainihin gudun da nake yi. Gefen taya shi ne katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. Duk incin da aka ƙara wa wili daga wannan katifa ake yanko shi, kuma titunanmu ba sa yafe wannan.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi. Da na duba waɗanda suka zo mini a matsayin gyara, sun girmi aurena.

Shi kansa wilin gwanjo yana da tarihin da ba ya faɗa. Fuskarsa ce ake wankewa a fesa wa fenti, alhali rauninsa yana baki na ciki, inda rami ke duka. Can ake neman tsaga, ko tabon walda da aka goge aka shafe. A sa a cire taya a juya wilin tsirara a kan na'urar balansin, lanƙwasa ba ta iya ɓuya a nan.

Haɗe-haɗe ba laifi ba ne

A Jamus, inda aka ƙera motar nan, mutum ba ya saka wilin da ya ga dama. Sai wilin yana da takardar da ta halatta shi ga wannan ƙirar mota, ko kuma a kai wa masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV su duba su amince, kuma dole madigadi ya rufe taya. Wani ne ke yi wa mai mota tambayoyin nan kafin ya hau titi. A nan babu mai yi maka su. Mai shago ya san abin da ke shiga, mai balansin ya san abin da na'urarsa ta nuna, kowa ya faɗi gaskiyar da ke gabansa, kuma babu wanda aikinsa ne ya haɗa su wuri guda sai mai motar.

Ba ina cewa a guji gwanjo ba ne. Wilin asali na kamfani da ya yi shekara ashirin lafiya sau da yawa ya fi sabon jabu mai ƙyalli aminci. Kuma ba don haɗe-haɗen makanikanmu ba, da motar kawuna ta daɗe da zama ɗakin kaji. Bambancin Baba da yaran da suka saka mini wili a shago shi ne, shi yana haɗawa ne bayan ya auna.

Shi ya ba ni mafita. Ya ce in nemi wilin E46, jerin 3 da ta gaji tawa daga 1998. Na koma kasuwa da takarda a aljihu da tsumma a hannu. Na kifa wili ya fi ashirin ina gogewa, masu shaguna suna kallona kamar mai neman ɓataccen kuɗi. Na samu huɗu masu 7Jx16, IS47, ramin tsakiya 72.6, wuyan noti irin nawa. Faɗi ɗaya da na asali, zurfin zama ɗaya, sai ƙarin inci guda. Na sa musu sababbin tayoyi 205/55 R16, masu tsayin milimita 632, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Su ma daga wata ƙirar suka fito, su ma gwanjo ne. Ba su da kwarjinin waɗancan, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da ni a gidan mai ya yaba su.

Waɗancan huɗun na sayar wa wani mai E39, da ragi, bayan na nuna masa tayoyin da shekarunsu. A motarsa suka zauna kamar da su aka haife ta. Asarata ta tsaya a kuɗin balansin biyu, da ragin, da kunyar da na sha a gaban Baba.

Takardar tana nan a aljihun gaban mota: 5x120, 72.6, ET47, noti 12 mai wuyan mazugi, tsayin taya kusan 627. Kowace mota tana da irin nata layin, a littafinta, ko a bayan wilinta na asali, ko a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Rubuta shi ba ya cin minti goma.

Da zangon karatu ya ƙare na je Samaru na ɗauko ƙanwata da ƙawarta, da akwatunan nan dai, but ya cika har da ƙyar ya rufu. Na kashe rediyo tun daga Zariya ina sauraren bayan motar. Muka wuce Jaji, muka wuce Birnin Yero, su biyun suna barci.